Hankakan da ya kasa numfashi

Asabar, ƙarshen Satumba, Maraɗi.

Yau babu lakol, na so in rama barci, amma hayaniyar yara a ƙofar gida ta hana. Sun kewaye wani hankaka a gindin bedi, kowa da danƙonsa a hannu. Saurayin hankaka ne, farin ƙirjinsa ya yi dauɗa da laka. Ya kan miƙe wuya sama, ya wage baki kamar mai hamma, ya girgiza kai, sai wani ɗan sauti ya fita mai kama da tari. Ko yunƙurin tashi ba ya yi.

Inna ta leƙo ta ce, "Wanga ba banza ba. Ku kai shi nesa da gidana." Ban ja da ita ba. Na kora yaran da suka taɓa shi su wanke hannu da sabulu, na sa leda a hannu na ɗauke shi cikin kwali. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya ji motsi ya ce, "Mushe, mi ke ciki?" Da na faɗa masa, sai kuɗin tafiya ya ƙaru nan take.

Wurin wani abokina likitan dabbobi na nufa. Kafin ya buɗe kwalin ya tambaye ni ko kaji na mutuwa a unguwarmu, ko an ga wasu tsuntsaye a yashe. Na ce babu. Ya ce tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya a 2006 bai ƙara taɓa tsuntsu marar lafiya hannu tsirara ba, kuma in da tsuntsaye da yawa ne suka faɗi lokaci guda, ma'aikatar kiwo ake kira, ba a ɗauka. Ya sa safar hannu, ya ɗebi ɗigon jini a jijiyar fiffike ya shafa a ɗan gilashi. Hankakan bai kai azahar ba.

Da ya tsaga maƙogwaron sai ga su manne a ciki cikin majina: jajayen tsutsotsi sirara, kowace ta rabu biyu a kai kamar gwafa. Ashe ba tsutsa ɗaya ba ce. Doguwar ita ce macen, takan kai santimita 2, gajeren reshen kuma namiji ne da ya liƙe mata, ba su rabuwa har mutuwa. Jan da suke da shi jinin tsuntsun ne da suke sha. Singamus ake ce mata a littattafan likitanci. Macen na zuba ƙwai a maƙogwaro, tsuntsu ya yi tari ya haɗiye, ƙwan ya fita cikin kashi. Tanar ƙasa da katantanwa su ci ƙwan, 'ya'yan tsutsar su kwanta a jikinsu, a cikin tana ma suna iya yin shekaru. Ranar da wani tsuntsu ya ci tanar, sai su huda hanji, jini ya kai su huhu, daga nan su hau maƙogwaro. Cikin mako biyu ko ɗan fiye sun fara nasu ƙwan.

Nan hankalina ya koma gida. Wannan tsutsa ba ta zaɓen gida, tana kama kaza, tana kama zabo da talo-talo, kuma ƙanana ta fi kashewa saboda maƙogwaronsu ƙunci gare shi. Inna na da 'yan zabin da kaza ta ƙyanƙyashe mata a damanar nan, kullum aka yi ruwa suna can suna tonon tana a bayan ɗakin girki, kuma hankaki na sauka su sha a kaskonsu. Sau nawa mutane ke ganin ɗan tsako na wage baki su ce sanyi ne, su ɗura masa barkono da jar kanwa?

Bayan mun ci abinci ya rina jinin ya sa a madubin likita ya ce in duba. Jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu dogaye ne masu cibiya a tsakiya, ba irin namu ba. A cikin wasu akwai wani abu da ya lanƙwashe ya rungume cibiyar, da ɗige-ɗige baƙaƙe. Hemofrotiyus ke nan, ɗan uwan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wanda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ƙudan jikin tsuntsu ke yaɗawa. Tsuntsaye ma na da nasu filasmodiyum, wato ƙwayar zazzaɓin cizon sauron kanta, sauron kwatami ke kai musu shi. Ba ya kama mutum, namu ma ba ya kama su. Hankaki da dama na yawo da waɗannan ƙwayoyi ba tare da sun kwanta ba, don sun daɗe tare. Inda ba a saba ba ne ake ɓarna: a tsibiran Hawai, bayan sauro ya isa can a ƙarni na 19, wannan zazzaɓi na cikin abubuwan da suka ƙarar da tsuntsayen ƙasar iri-iri.

Abin da zan kai wa ɗalibaina ranar Litinin shi ne wannan. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓi a jinin mutum a garin Kwanstantin na Aljeriya, amma ba a san yadda take hayayyafa ba. A 1897 wani ɗalibin likitanci mai suna MacCallum, yana duba jinin hankaka a Kanada, ya ga namijin ƙwayar hemofrotiyus ya shiga macen da idonsa. A 1898 Ronald Ross, a Kalkata ta Indiya, ya nuna da tsuntsaye cewa sauro ne ke ɗauko cutar daga wani ya kai wa wani, aka ba shi kyautar Nobel a 1902. Yanzu da asibitocin garin nan suka cika da yara masu masassara, ina ganin ya dace su san cewa a jinin wannan ɓarawon 'yan tsaki aka fara gane wani sashe na sirrin ciwon.

Akwai ƙwarƙwata a ƙarƙashin fikafikan ma, irin mai cin gashi. Likita ya ce ita ba abin damuwa ba ce, yawancinsu ba su rayuwa sai a jikin irin tsuntsun da suka saba da shi. Muka binne gawar da zurfi.

Da dare na ba Inna labari, har na ƙara mata da zancen wani tsuntsu mai tukku da Turawa ke kira kuku. Ba ya yin sheƙa. Macen kan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar hankaka, a Turai kuma a ta ɗan uwan hankaka mai doguwar wutsiya da Faransawa ke kira pi. Ƙwan baƙon yakan riga ƙyanƙyashewa, ya cinye abinci, wani lokaci 'ya'yan mai gida su mutu da yunwa. Na ce mata muna yi masa kirari da hankaka mai da ɗan wani naka, alhali shi ake yi wa wayo. Ta ce, "To wa ya aike shi? Ba ya da ido ne?"

Maganar zabinta ce muka daɗe a kai. Ta yarda a mayar da kaskon ruwa cikin akurki, a riƙa wanke shi kullum, a kuma share kashin kaji a kai juji. Ta yarda gobe in karɓo maganin tsutsa wurin Likita, tunda shi zai auna yawan da za a zuba a ruwa. Amma a tsare 'yan zabi har ƙasa ta bushe, ta ce sam, zabon da bai yi kiwo ba ba ya girma, kuma ba ni ke sayen dusa ba. Na ce ni zan saya. Ta ce sai ta ga buhun a ƙofar ɗakinta.