Daga Manchesta zuwa gida: maganar lambu a lungun gida

Assalamu alaikum jama'ar gida, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na Kura da Garun Malam da sauran ƙauyukanmu na bakin kanal, ya sanyi, ya aikin rani? Allah ya sa kowa lafiya.

Abin da ya sa na ɗauko waya nake rubutun nan, jiya da sassafe na je ɗan lambuna na tarar sanyi ya gama da shi a dare ɗaya. Raɓa ce ta daskare a kan ganye, sauran alayyahun da na bari yayi iri duk ya yi baƙi ya kwanta kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Haka ƙasar nan take, daga ƙarshen Mayu zuwa wajen Oktoba ne kawai kayan miyan irin namu suke iya tsayawa a waje, sauran watannin kuma sai haƙuri.

Kuma filin ma ba samunsa ake haka kawai ba. Ƙaramar hukuma ce ke bada haya, suna ce masa alotmen, cikakken fegi wajen murabba'in mita 250 ne, ni rabi aka bani bayan na shekara uku sunana yana layi. Tsofaffin turawa da mutanen Pakistan da Bangaladash sune maƙwabtana a wurin, zaka ga dattijo ya haura saba'in yana durƙushe cikin yayyafi yana tsince dodon koɗi daga jikin kabeji ɗaya bayan ɗaya, don da daddare suke fitowa su cinye tsiro tas. Iri kuwa tun Maris ake shuka shi a ɗan kofi a ajiye jikin taga cikin ɗaki ana lallaɓa shi kamar jariri. Kuɓewa na gwada sau biyu bata yi ba sai a ɗakin gilas, zogalen da na raina a tukunya kuma sanyi na shigowa ya zubar da ganye. Wallahi zogalen nan da akuya ke ci a gidanmu, a nan garinsa ake sayarwa a ƴar kwalba a shagon kayan gina jiki, da tsadar da in na faɗa muku zaku ce ƙari nayi.

To da na dawo gida na kira Inna ta bidiyo, tana cewa ta aiki yaro sayen alayyahu ya kawo mata wani yanƙwananne ɗan ƙulli kuma kuɗin ba kaɗan ba. Tana magana ni kuma idona na kan bayanta, lungun nan na kusa da rijiya inda marigayiya kakarmu take da zogale biyu da yakuwa da kabewa mai hawa danga, yanzu babu komai sai tsohon baho da ledoji. Abin ya tsaya min a rai sosai. Mu da Allah ya bamu rana shekara zagaye, ga ruwan Tiga yana ratsa gonakinmu, motoci suna lodin tumatir a Kwanar Gafan ana kaiwa har Legas, amma matar gida sai ta jira kuɗin cefane kafin ta ga ɗanyen ganye a tukunyarta.

Nasan me za a ce, gida ya cika, an yi ɗakuna, an zuba siminti, ga kaji ga awaki. Gaskiya ne. Amma dan Allah a gwada buhu. Tsohon buhun taki ko na shinkafa, a huda ƙasansa wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa fita, a cika shi da ƙasa mai ɗan yashi a gauraya da takin awaki wanda ya ruɓe ya huce, banda sabon kashin kaji don ƙone tsiro yake. A jera buhu biyar ko shida jikin katanga inda rana ke samu, a zagaye da kara ko tsohon gidan sauro saboda dabbobi, shikenan an yi lambu. Ruwa kuma ba sai an ja na musamman ba, ruwan alwalar gida guda a rana in aka tara a bokiti ya isa, da wanda aka wanke shinkafa ko gero, kawai dai banda mai omo ko mai maiƙo.

Alayyahu shi yafi saurin biyan mutum, ka haɗa irin da yashi ka watsa don kar ya cunkushe, sati uku zuwa huɗu ka fara yanka, in ka yanka daga sama ka bar gindin zai sake tofowa. Kuɓewa wajen wata biyu, ita zafi take so, kar a saka ta tsakiyar hunturu a ce ƙasa ce bata da kyau. Yanzu lokacin tumatir ne da albasa da latas da karas. Tumatir kam sai an sa ido, duk wanda ya ga abin da sharon, ƙwaron nan mai cin tumatir, ya yiwa manomanmu a 2016 ya sani, amma gindi uku a buhu zaka iya duba ganyensu kullum da safe, wanda ka ga an yi masa farin zane a ciki ka tsinke ka ƙone. Ganyen darbejiya a daka a jiƙa ya kwana a tace a yayyafa da yamma, yana rage ƙwari, toka ma haka. Nafi son wannan akan a sayo maganin feshi a zuba a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Zogale kuwa ko reshe aka sara aka kafa da damina kamawa yake, sai a riƙa datse kansa kar ya tafi sama ya fi ƙarfin hannun mata. Ga kwaɗo da ƙuli, ga miya, ga mai jego.

Ku samari ƙannena, ku nake roƙo musamman, ku da kuka san rainon iri da dashe tun kuna yara a fadama. In kun tashi daga gona ku riƙo ragowar dashe guda goma ku kawo wa iyayenku mata, ku cika musu buhunan don ɗaukar ƙasa aiki ne mai nauyi. Na riga na yi magana da ƙanina, yace ranar Juma'a bayan masallaci zai kwashe tarkacen lungun rijiya ya kawo taki a kura, nace ya turo min hoto ta WhatsApp in alayyahun ya fito.

A gaida Baba da su Gwaggo da duk mutan unguwa, a saka mu a addu'a, sanyin bana ya shigo da wuri.

Naku, ɗanku a Manchesta.