Gudajin da Muke Nema: Shekaruna da Leza Mai Ɗigon Kwantum

Ranar da na fara ganin ɗigon kwantum yana fitowa, na ɗauka aiki ne ya ɓaci. Ina tsaye gaban wani ƙaramin allo kore a jikin na'urar MBE, wadda ke renon kiristal ta hanyar shimfiɗa atom kan atom, a ɗakin bincike na wata jami'a a Ingila inda nake digiri na uku. Dogayen layuka ne a allon, alamar saman faifan galiyom-asenaid ɗin, kiristal da ake ƙera leza da shi, sumul yake. Dattijon da ke kula da na'urar ya buɗe murfin tukunyar indiyom, wanda ke haɗuwa da asenik a saman faifan ya zama indiyom-asenaid, muka yi tsit. Can sai layukan suka kakkarye suka koma tabo-tabo. Ya rufe murfin, ya rubuta lokacin a littafi, sannan ya shaida mini cewa abin da muka zo nema ke nan.

Tazarar da ke tsakanin atom-atom na indiyom-asenaid ta fi ta galiyom-asenaid da kusan kashi 7 cikin ɗari. In an shimfiɗa shi a kai, da farko yakan matse kansa ya bi jerin na ƙasa. Da kaurin ya kai kusan shimfiɗar atom 1.7, sai ya gaza, ya tattaru ya zama 'yan tsibirai, kowanne faɗinsa nanomita 20 zuwa 30, dubban miliyoyi a wurin da bai kai farcen yatsa ba; waɗannan tsibiran su ne ɗigon kwantum. Tun 1938 masana biyu 'yan Bulgeriya, Stranski da Krastanov, suka bayyana irin wannan tsiro, kuma an daɗe masu renon kiristal suna gudunsa yadda mai dama kunu ke gudun gudaji. Mu kuwa gudajin muke nema.

Takarda mai shafi uku ce ta kai ni wannan ɗaki, wadda Yasuhiko Arakawa da Hiroyuki Sakaki na Jami'ar Tokyo suka buga a 1982. Matsalar da suka duba ita ce zafi. Leza na semikwandakta yana da wani adadin lantarki da sai an kai shi yake kamawa, wato ya fara fitar da haske, kuma da jikinsa ya ɗumama adadin ya hau, domin ilektaron sun bazu zuwa matakan kuzarin da ba sa ba da hasken da ake so. Ilektaron a cikin babban kiristal kamar akuya ce a fili, ko'ina tana iya zuwa. In an matse shi a siririyar shimfiɗa, an sa shi a lungu ne, yana da sauran kai-komo. Arakawa da Sakaki suka lissafa abin da zai faru in an ɗaure shi a turke, aka tsare shi ta kowane ɓangare: matakan kuzarinsa za su zama ɗaiɗai kamar na atom, zafi ba zai sami inda zai kora shi ba. Ni da na tashi a Sakkwato, inda kayan lantarki ke galabaita a watan Afrilu, ban buƙaci a yi mini dogon bayani kan amfanin wannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Arakawa shi ne jiran da ya yi. Lokacin da suka buga lissafin, ba wanda ya iya ƙera irin wannan ɗigo. An gwada sassaƙa shi daga shimfiɗa, sassaƙar ta lalata gefunansa. Sai a 1994 ayarin Dieter Bimberg na Balin, tare da Nikolai Ledentsov da abokansa na Cibiyar Ioffe da ke Rasha, suka nuna leza da ɗigon da ya tsiro da kansa. A 1998 ayarin Dennis Deppe a Jami'ar Texas da ke Austin suka kai shi tsawon zango na mikiromita 1.3, inda haske ke tafiya a zaren gilashin sadarwa ba tare da saƙon ya bazu ba. A 2004 Fujitsu da ayarin Arakawa suka nuna leza mai aika gigabit 10 a daƙiƙa wanda bai damu da sauyin zafi ba, aka kafa kamfanin QD Laser a 2006 ƙarƙashin Mitsuru Sugawara. Shekara 24 ke nan daga takarda zuwa kamfani, kuma Arakawa bai bar fagen ba.

Ni shekara ɗaya kacal abin ya ƙi mini, amma na ji a jikina. Aikina shi ne in jera shimfiɗar ɗigo biyar, ɗaya kan ɗaya. Dole ne a jera, domin ɗigon shimfiɗa guda ba su da yawan da za su ba da isasshen haske. Suna cika sai lezan ya tsallaka zuwa mataki na sama, ya fito da haske wajen mikiromita 1.2, wanda ba shi ake so ba. Shimfiɗa ɗaya takan fito mini da kyau. Da na jera biyar sai haske ya dushe, lezan ya sha lantarki ya yi zafi bai kama ba.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Lokacin aiki da na'urar rabawa ake yi tsakanin ɗalibai, to in nawa ya zo sai in sauya abu biyu ko uku a faifai guda: in ƙara indiyom, in rage zafi, in taɓa yawan asenik. Sakamako ya fito, ban san wanne ya jawo shi ba. Wata uku na yi a haka kafin malamina ya buɗe littafina ya nuna mini cewa babu faifai biyu a ciki da za a iya kwatantawa. Bai yi faɗa ba. Ya ce in koma in sauya abu ɗaya tak kowane lokaci, ko da zan ga kamar ba na motsi.

Na biyu shi ne yarda da lambar da ma'aunin zafi ke nunawa. Ma'aunin yana bayan faifan ne, bai taɓa shi ba, kuma yana iya saɓawa da ainihin zafin saman da digiri gommai, musamman in an sauya mariƙi. Ɗigo kuwa digiri goma na sauya girmansa da yawansa. Dattijon nan ya koya mini abin da tsofaffin hannu ke yi: tsatsar da ke saman galiyom-asenaid tana tashi ne a wajen digiri 580, kuma ana ganin tashinta a allon nan kore. A nan ake saita ma'auni kowace safiya, daga nan a ƙirga ƙasa zuwa wajen 500 inda ake renon ɗigo.

Na uku ne ya fi cin lokaci, kuma tsoro ne ya jawo shi. Na san in an ɗaga zafi indiyom na gudu daga ɗigo, don haka sai na riƙa rufe kowace shimfiɗa da galiyom-asenaid a zafin ƙasa tun daga farko har ƙarshe. Da aka yanka faifan aka duba shi da madubin ilektaron, na ga abin da nake yi: saman kowane murfi ya yi kwazazzabai, ɗigon da ya hau kai ya kumbura fiye da ƙima, daga jikinsa karaya ta tashi ta ratsa duk abin da ke sama. Kowace karaya rami ce da ke haɗiye ilektaron ta mayar da shi zafi. Maganin yana cikin takardar da Huiyun Liu da abokansa suka buga daga Sheffield a 2004, wadda na karanta tun zuwana ban ɗauke ta da muhimmanci ba: a fara rufe ɗigon da nanomita 15 a zafin ƙasa, in ya ɓuya sai a ɗaga zafi zuwa 580 a ƙarasa, saman ya baje kafin shimfiɗa ta gaba.

Faifan farko da na yi haka ya kama a mikiromita 1.3. Na ɗora shi kan farantin ɗumamawa ina ƙara zafi, ina jiran alkawarin 1982, sai na ga lantarkin kamawa yana hawa. Bai kai hawan tsohon leza ba, amma yana hawa. Ɗigon gaske ba girmansu ɗaya ba, kuma matakan gurabe, wato abokan ilektaron masu caji na kishiya, suna kusa da juna har zafin ɗaki kaɗai ya isa ya watsa su. Lissafin ya ɗauka turke ɗaya ne mai ƙarfi, kiristal ya ba mu turaku barkatai. Abin da Deppe da masu binciken Fujitsu suka yi shi ne cusa ƙarin gurabe kusa da ɗigon, ta yadda ko wasu sun watse da sauran. Da na sa beriliyom a murfin don ya ba da ƙarin guraben, layin lantarkin kamawa da ke kan kwamfutata ya kwanta, daga zafin ɗaki har ya wuce zafin Sakkwato. Na daɗe zaune ina kallonsa.

Har yanzu ina ganin amfanin da ya fi girma ya zo ta ƙofar da takardar farko ba ta ambata ba. Ilektaron da ke ɗaure a ɗigo ba ya yawo har ya faɗa ramin karaya, don haka lezan yana jure lahanin da zai kashe wani. Shi ya sa aka iya renonsa kai tsaye a kan silikon, duk da saɓanin tazarar atom na kusan kashi 4 cikin ɗari da ke tsakanin silikon da galiyom-asenaid. Liu, bayan ya koma jami'ar UCL a Landan, ya nuna haka a 2016, ayarin John Bowers a Santa Barbara su ma suka ci gaba da shi. A 2019 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta ba Arakawa da Bimberg da Pallab Bhattacharya lambar Nishizawa tare.

Yanzu koyarwa nake yi a gida. Duk shekara nakan raba wa ɗaliban ajin ƙarshe shafukan nan uku su bi lissafin da biro, kuma mafi yawansu suna iyawa. In sun gama sai in miƙa musu hoton faifaina mai karaya, in ce su nuna mini inda hasken ya tafi.