Butocina sun yi azumi a tashar Jidda

Shekara huɗu ina sauke kaya daga Gwanzu ta ƙasar Sin ta hannun kamfanin da ke yin ƙofa zuwa ƙofa. In biya kuɗin kowace sibiyam, wato ma'aunin girman kaya na kubik mita ɗaya, su kawo min kwalaye har bakin shagona a Bab Makka cikin Jidda, shi ke nan. Ban taɓa tambayar me ke cikin kuɗin ba. Bara na zauna da kalkuleta, na ga kuɗin jirgin ruwa zalla daga tasha zuwa tasha bai kai rabin abin da nake biya ba, sai zuciya ta ce cutata ake yi. Na ce a ɗora min butocin lantarki da filas zuwa tashar Jidda kawai, fitarwa ni zan yi.

Kawu Alhaji ya ce min, "Yaro, araha ba ta ado." Na ce, "Kawu, zamani ya canja, komai a waya ake yi yanzu."

Harajin VAT na kashi 15 da kuɗin kwastan duk na sa su a lissafi. Abin da ban sa ba shi ne Saber, manhajar Saudiyya ta tabbatar da ingancin kayan da ake shigowa da su. Tun 2019 kaya irin nawa ba sa fita sai da takarda biyu daga wannan manhajar: ta ingancin samfurin, da ta wannan lodin kansa. Ashe duk shekarun nan kamfanin ne ke yi a madadina, ni ina nan ina kiransu ɓarayi.

Mukhallis ɗin da na ɗauka, wato wakilin fitar da kaya daga kwastan, ya buɗe Fasah, manhajar fitar da kaya, ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Ina shahadar Saber?" Na miƙa masa invois da takardar lodi. Ya ture min su da ɗan yatsa ɗaya.

Sai neman rahoton gwaji daga masana'anta, su kuma sun rufe, sun tafi hutun sabuwar shekararsu. Kwanakin alfarma na ajiya kyauta suka ƙare, ardiyya, wato kuɗin zaman kaya a tasha, ta fara hawa, kamfanin jirgi ma yana ƙirga nasa na riƙe kwantena, kowace safiya sabon adadi. Allah ya taimake ni filogin mai baki uku ne irin wanda Saudiyya ke karɓa, da an ce a mayar da su inda suka fito.

Kayan da na yi oda don masu Umrar Ramadan sai bayan Sallah suka iso shago. Abin da na ce zan rage, ardiyya ta cinye shi har ta taɓa uwar kuɗi. Takarda biyu fa!

Ban ce tasha zuwa tasha ba ta da amfani ba. Mai cika kwantena da kaya iri ɗaya, yana da mukhallis tsayayye, kuma Saber ɗinsa na hannu kafin jirgi ya tashi, zai ga sauƙi. Ni mai 'yan kwalaye iri-iri na koma gidan jiya, sai dai yanzu a rubuce nake sa su faɗa min Saber a kan wa yake. Butocin kuwa, rabinsu na sito suna jiran alhazai.