Tabo a jikin kifin ado: a auna ruwa kafin a sayi magani

Da an ga fari-fari a jikin kifin da ke tankin gilashi, sai a ruga shago a sayo kwalbar magani mai shuɗi. Sau tari asarar kuɗi ce. Jikin kifi lulluɓe yake da yauƙi, shi ne garkuwarsa. Gurɓataccen ruwa ke fara cinye wannan yauƙin, sannan ƙwayar cuta ta samu ƙofar shiga.

Kayan aunin ruwa ake fara ɗaukowa, kuma na ɗigo ya fi na takardar tsomawa faɗin gaskiya. Sinadarai uku ake aunawa, abin da ake so a gani shi ne amoniya sifili, naitirayit sifili, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. Kashin kifi da ragowar abinci ke haifar da amoniya, dafinta kuwa yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ruwa, ya haura 7, ga shi a ɗakunanmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra ruwan tanki ba ya rasa ɗumi. Alamar dafin amoniya jan zare-zare a wutsiya da fiffike, yauƙi mai kauri kamar hazo, kifi yana goga jiki a dutse yana haki a saman ruwa. A kifin zinari baƙin tabo yakan fito bayan an gyara ruwan. Wannan warkewa ce, a ƙyale shi.

Abu biyu ke jawo wannan a Accra. Na farko dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Bakteriyar da ke cinye amoniya a soson matata, wato na'urar tace ruwan tanki, take zaune, kuma sai da iska take rayuwa. Wuta ta ɗauke awanni masu yawa, sai ta fara mutuwa, bayan kwana biyu ko uku amoniya ta tashi, mai tanki kuwa ya riga ya manta da ɗaukewar wutar. Na biyu ruwan famfo, na gidan ruwan Weija ne ko na Kpong, da kilorin yake zuwa, shi kuwa kilorin yana kashe wannan bakteriyar. A ɗiga maganin kashe kilorin, ko a ajiye ruwan awa 24 a bokiti da famfon iska a ciki. Soson matata kuma da ruwan da aka kwasa daga tankin ake wanke shi, ba a bakin famfo ba.

In awo ya nuna matsala, a canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, a dakatar da abinci kwana biyu, a sake aunawa kullum.

Sai a koma ga tabon. Ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa gishiri, kowanne daban, cutar farin ɗigo ce, takan ɓulla a hunturu idan ruwa ya yi sanyi da dare. Magani ba ya kai wa ƙwayar da ke cikin fata, sai ta faɗo ta hayayyafa ake samunta, shi ya sa ake ci gaba kwana 10 zuwa 14 ko da ɗigon ya ɓace. Ɗumi na digiri 29 ko 30 yana hanzarta wannan zagayen.

A nan tarkon yake. Fari-fari a lebe, ko faci mai launin toka a gadon baya kamar sirdi, bakteriyar kolumnaris ce, ita kuwa zafi take so. Wanda ya ɗauke ta farin ɗigo ya ƙara ɗumi, zai iya rasa kifayensa cikin kwana biyu. Mai zare-zare kamar auduga a kan tsohon rauni, naman gwari ne. Akwai kuma cutar da ke fitowa kamar ƙura mai ruwan zinari a jikin kifi, sai an kashe fitila an haska tocila ake ganinta.

Gishiri mara sinadarin aidin, giram 1 zuwa 3 a lita, yana taimakawa, amma ƙananan tarwaɗa na ado da tsirran ruwa ba sa jure shi. Kafin a zuba kowane magani a cire gawayin matata, in ba haka ba ya shanye shi. Shi kuma mai shuɗin nan yana kashe bakteriyar soso, don haka a wani tanki daban ake amfani da shi.