Lam ta ƙaru, karti griz na nan yadda take

Aikin da ya fi kawo mana kuɗi a garaji nan Tawa ba gyaran inji ba ne, ƙarin ƙarfe ne. Mutum zai sayo Land Cruiser ko Hilux, tun iyali ba su gama sa mata albarka ba ya biyo da ita wurinmu: a ƙara lam a baya, wato farantan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan aksil, a ɗaga ta, a ɗaura tanki na biyu, a yi mata ƙarfen gaba da na bisa. Ni ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya san yadda kwaltar Abalak zuwa Agadas ta farfashe, ko ya taɓa kutsawa Cintabaradan da Tasara cikin damana, ya san dalilin da ya sa ake son mota ta yi tsayi ta kuma yi ƙwari. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 kuwa, sai buƙatar ta ninka, kowa na son kat-kat da za ta sha hamada da ruwanta da manta a bayanta.

Abin da ba a son ji daga bakina shi ne maganar takarda. Ɗauko karti griz ɗin motarka ka duba da kyau. Ban da sunanka da lambar mota, akwai lambar shasi, da irin man da take sha, esansi ko gazuwal, da ƙarfin injin da ake lissafa binyet a kansa, da yawan kujeru, da nauyinta ba kaya, sannan ga wasu haruffa huɗu, PTAC, wato iyakar nauyin da aka yarda ta kai idan an haɗa ita kanta da mutane da kaya da mai. Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta: duk gyaran da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, motar da ke hannunka ta daina zama wadda aka rubuta a takarda. Sai ka kai ta ofishin sufuri na jiha ka sanar, a duba ta, a gyara takardar. Canza amortisar ko sa fitila mai haske daidai ba su shiga nan ba. Canza inji, ƙara benci, yanke jiki a mai da mota rufaffiya ta koma buɗaɗɗiya, duk sun shiga.

Nauyin nan shi ne inda aka fi yaudarar kai. Land Cruiser 79, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1999, PTAC ɗinta ya ɗan haura tan uku, abin da za ta ɗauka bisa ƙa'ida bai wuce wajen tan ɗaya ba. To zauna ka yi lissafi. Ƙarfen gaba da injin jan mota sun kusa kilo 100. Tanki na biyu mai lita 130, gazuwal ɗin cikinsa kaɗai ya haura kilo 100, ban da ƙarfen tankin. Tayoyin ajiya biyu, ƙarfen bisa, jak, faranti na fita daga rairayi. Duro biyu na ruwa kilo 400 ne cif. Direba da aparanti ba su ma shiga ba, buhu ko ɗaya bai hau ba, an riga an cinye fiye da rabin abin da takarda ta ba ka.

Wani Alhaji ɗan kasuwa da ke kai kaya arewa ya taɓa kawo mini tasa a ƙara mata lam uku kowane gefe. Na ce masa, "Alhaji, zan ƙara, amma ka sani nauyin da doka ta ba ka bai ƙaru ko da kilo ɗaya ba." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mota in ba ta durƙusa ba, ba ta yi nauyi ba." Haka kusan kowa ke tunani, kuma nan ne haɗarin yake. Lam ɗin kamfani in ta kwanta, faɗa maka take yi kaya sun isa. In ka ƙara mata ƙarfi, kamar ka ba raƙumi maganin da zai hana shi kuka ne, kayan dai suna nan a gadon bayansa. Birki bai ƙaru ba, aksil bai ƙaru ba, boris ɗin taya na nan yadda yake, shasi ma haka.

Na sa shi ya durƙusa muka leƙa ƙarƙashin motar. A jikin shasi ta baya akwai wani ɗan bawul da bututun man birki ke bi ta cikinsa, da wata siririyar sanda da ta tashi daga gare shi ta kama aksil. Aikinsa auna yadda bayan mota ya sauka. In ya sauka sosai, bawul ya san an yi lodi, sai ya saki ƙarfin birki zuwa tayoyin baya. In bayan ya tashi, sai ya ɗauka mota wayam take, ya rage. To ka ɗaga mota, ka sa mata lam mai tauri, ba ka taɓa wannan sanda ba: ga tan ɗaya da rabi a baya, bawul kuwa yana cewa ba komai. Birkin gaba shi kaɗai ke fama, a gangaren duwatsun Keita ko Buza sai ya yi zafi ya saki. Gyaransa ɗan ƙarfe ne da za a ɗaga mazaunin sandar daidai da tsayin da aka ƙara, a sake saiti. Yaran garaji da yawa ba su san amfanin sandar ba, wasu ma cire ta suke yi su jefar in ta tsare musu hannu.

Taya ma da nata. Wanda ya cire taya mai lamba 7.50R16 ya sa babba mai lamba 285/75R16 ya ƙara wa kewayen taya kusan kashi huɗu cikin ɗari, saboda haka agogon gudu na nuna ƙasa da abin da yake yi, birki kuma ya ƙara wahala.

Za ka ce ai a shinge ba wanda ke tambayar wannan. Gaskiya ne, yawanci jandarma zai karɓi permi da karti griz da asirans da bizit da binyet, ya ga kwanakinsu ba su wuce ba, ya miƙo maka. Mai karanta takarda layi-layi yana zuwa ne ranar da aka yi haɗari, kuma ma'aikacin inshora ne. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, kundinta ne ke tafiyar da harkar inshora a nan. Kundin ya wajabta wa wanda ya yi inshora ya sanar da kamfani, cikin kwana 15, duk wani sabon abu da ya ƙara haɗari. In an tabbatar da gangan ka ɓoye, yarjejeniyarka da kamfanin ta rushe, kuɗin da ka biya kuma sun tafi. In ba da gangan ba ne, za a rage abin da za a biya gwargwadon gibin da ke tsakanin kuɗin da ka bayar da wanda ya kamata ka bayar. A wannan hali na biyu kamfani na biyan wanda aka buge, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Motar da takardarta ta ce kujera uku, aka tarar da benci biyu da mutum goma sha a baya, wane bayani mai ita zai yi?

Canjin inji shi ne aikin da na fi taka-tsantsan da shi. Mutane na son 1HZ, injin gazuwal mai silinda shida da lita 4.2, don ba shi da kwamfuta, yana haƙuri da man da ba shi da tsabta, kuma ko a ƙauye za a sami mai gyara shi. Sai a cire na esansi a dasa shi. Aiki ne mai kyau in an yi shi da hankali, amma karti griz na cewa esansi, hanci na jin gazuwal. Ina gaya wa kowa ya riƙe rasit ɗin injin, in ta Ƙonni ya shigo ya riƙe takardar duwan, domin ranar da za a gyara karti griz su za a fara tambaya. Sai lambar shasi, wadda aka buga a jikin ƙarfen wajen tayar gaba. Mai walda da ba ya lura zai liƙa faranti a kanta da sunan ƙarfafa shasi, ko ya goge ta da injin gurza. Motar da lambarta ba ta karantuwa, a idon hukuma ba ta da maraba da ta sata, ko da kai ka sayo ta da guminka.

Kayan ƙarfafa mota da ɗaga ta masu tambarin ARB da Old Man Emu da ake yayi yanzu daga Ostireliya suka samo asali, kuma can ba haka kawai ake ɗaura su ba. Suna da kundi mai suna VSB 14. A ƙa'idarsa ta asali, ɗagawar da ba ta wuce milimita 50 ba mai mota na iya yi abinsa, abin da ya yi nisa da haka sai injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu. Wanda ke son a ƙara masa nauyin da doka ta yarda, akwai hanya: a sa kayan da aka gwada, a tabbatar birki na iya tsayar da sabon nauyin, a liƙa wa motar sabon faranti. A Faransa, wadda tsarin takardunmu ya biyo nata, ofishin DREAL ne ke duba motar da aka sauya, ɗaya bayan ɗaya. Indiya kuwa a Disamban 2017 ta hana ƙarfen gaba gaba ɗaya, saboda abin da yake yi wa mai tafiya a ƙasa da yadda yake iya rikita jakar iskar da ke buɗewa ta kare na cikin mota in an yi karo.

Ban goyi bayan a hana mu ƙarfen gaba ba. Wanda ya taɓa cin karo da jaki ko saniya da dare tsakanin Tabalak da Abalak ya san amfaninsa. Abin da nake so shi ne irin waccan hanya ta Ostireliya: wanda ke da buƙata ta gaskiya ya sami inda zai kai mota a auna ta a sikeli, a gwada birkinta da lodi, a ba shi takardar da ta dace da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Kuma ya tuna permi B iyakarsa kilo 3,500 ne, in PTAC ya haura nan, direban ma sai ya sake permi.

Aiki ɗaya ne na ƙi karɓa ko nawa za a ba ni, yanke shasi a ƙara masa tsawo. Ƙarfen shasi ba irin na ƙofar gida ba ne, zafin walda na canza shi, kuma ba mu da na'urar da za ta nuna mana abin da ke cikin ɗinkin. Masu son wannan ina ce musu su sayar da ƙaramar su nemi kamyo.