Wane cokali?

Ɗan ƙanwata da ke karatun aikin jarida ya kawo mini saƙon da ya rubuta wa iyaye mata kan amai da gudawa, tunda damina ta kama. Ya ce, "Kawu, duba mini, gobe zan watsa a WhatsApp." Ga abin da ya rubuta: a zuba cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Gabana ya faɗi, don kusan wannan jimlar na yi shekaru ina karantawa a rediyo.

Na haddace tambayoyi biyar da masanin sadarwa Harold Lasswell ya jera a 1948: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace kafa, ga wa, me ya biyo baya. Huɗu na riƙe, na yar da ta biyar. Rahotona kullum lissafi ne na sau nawa aka sa saƙo a mako. Ina da hanzari: gidajen ba shiga ne, kuɗin man zuwa Wurno ko Gwadabawa kuma ba a ba mu. Amma ungozoma na nan, ban taɓa aika ta ta gano mini ba.

Claude Shannon injiniya ne, hayaniyar da ke ɓata saƙo da ya yi bayani a 1948 ta kan layin waya ce. Nan na tsaya, na ɗauka in murya ta fita tas, saƙo ya isa. Ashe akwai hayaniyar da ke cikin kalma kanta. Cokalin shayi mililita 5 yake ɗauka, babban cokali 15. Uwar da ta ɗauko babba ta ninka gishiri da sukari sau uku, ruwan da ya yi kauri haka kuwa ƙara wa yaro gudawa yake yi. Ban ce a shafe bakin cokalin ba. Lita kuma, wa ke da ma'auninta a madafa? Da na ce leda biyu ta fiya wata, an wuce wurin. Abin da masanin sadarwa Wilbur Schramm ya nuna ke nan a 1954: ma'ana tana ƙetarawa ne inda sanin mai magana da na mai saurare suka haɗu. Ni da Hausar boko nake karantawa, tsohuwar Illela da Sakkwatanci take tunani. To, haka aka koya mana, ba ni na ƙirƙiro ba. Sai dai ni ne na buɗe baki.

Na so in ba ɗan ƙanwar tawa shawara goma, kaɗan suka fito.

Kada ka tambayi mace "kin gane?" Kunya za ta sa ta ce i. Samu mata biyar, miƙa musu cokula da ruwa, su haɗa kana kallo. Martani ke nan. Ku yaran yanzu kun mai da shi shuɗin maki biyu na WhatsApp, kuna ƙirga wanda ya buɗe kamar ya sha maganin. Kuma da murya za ka aika, mata da yawa ba su karanta boko.

Taƙaita saƙon. A'a, kada ka taƙaita har "a shafe" ta faɗi, ko gargaɗin a zubar da abin da ya wuce awa 24. Gara ya yi tsawo.

Bi ta bakin mutane. Masana Katz da Lazarsfeld sun nuna a 1955 cewa saƙo yakan ratsa ta wanda aka yarda da shi kafin ya zauna, mu kuma mun gani a 2003 da aka ƙi rigakafin shan inna a Kano: rashin yarda da mai kawo saƙon ne ya tsai da komai. Nemi ungozoma, liman da uwar miji. Amma kada ka sakankance da su, kowa zai ƙara nasa gishirin, sai ka koma bayan mako ka ji yadda maganar ta zama.

Yana saurarena yana latsa waya, raina ya ɓaci. Na ɗauko cokula biyu, ƙarami da babba, na ce ya fara da kakarsa ranar Juma'a.