Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuta wannan saƙo ne a madadin mahaifiyata da ƙannena da dukkan mutanen gidanmu da ke Yelwan Yauri, bayan Allah cikin ikonsa Ya dawo mana da Inna ɗakinta daga jinyar kwana 11 a asibiti. Tun ranar da aka sallame mu take matsa mini in bi gida-gida in yi ban gajiya, to amma waɗanda suka taimaka mana sun fi ƙarfin ƙafata, kuma a cikinsu akwai waɗanda ko sunansu ban samu damar tambaya ba. Saboda haka na ga ya fi dacewa in rubuta abin da ya faru da abin da kowa ya yi, domin godiyar ta isa inda ba zan iya zuwa ba.

Waɗanda suka san Inna sun san ta ne da bandar kifi. Fiye da shekara 30 ta yi a gaban murhun banda, tana juya tarwaɗa da ƙarfasa a kan raga tun hantsi har bayan magariba, idanunta jajur, tana share hawayen hayaƙi da gefen zani. Da kuɗin wannan sana'a ta sa mu makaranta, da shi ta aurar da 'ya'yanta mata. Tarin da take yi duk lokacin hunturu kuwa mun daɗe da saba jinsa, har muka riƙa kiransa tarin sanyi, muna sayo mata maganin tari na kwalba a kemis, wani lokaci a yi mata allura, ta ɗan samu sauƙi ta koma bakin murhu. A 'yan shekarun nan ta fara tsayawa hutawa tsakanin ɗakinta da bakin rijiya, mu kuma muka ɗauka girma ne ya zo.

Daren da abin ya faru, a tsakiyar watan Janairu, iskar hunturu ta wuni tana kaɗawa, hazo ya rufe kogi har ba a hango tsallake, da dare kuma sanyi ya sauko mai shiga ƙashi. Ni da hannuna na hura gawayi a kasko na kai mata ɗaki, na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada iska ta shiga, na yi mata sai da safe ina ganin na kyauta. Bayan ƙarfe 2 na dare ƙanwata da ke kwana tare da ita ta buga mini ƙofa tana kuka, ita ma tana riƙe da kai saboda jiri. Na tarar da Inna zaune a bakin gado ta dafe gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka, ƙirjinta na fito, leɓɓanta sun yi toka-toka. Tana ƙoƙarin faɗin innalillahi, amma kalmar ba ta fita a numfashi ɗaya, sai ta yanke ta gida uku.

Godiyata ta farko tana ga matar maƙwabcinmu, wadda ta shigo da gudu ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Mu duk mun rikice muna ƙara lulluɓa wa Inna bargo, ita kuwa tana shiga ta ture taga, ta wangale ƙofa, ta naɗe hannu da zani ta fitar da kaskon tsakar gida, ta ce kada wanda ya kwantar da ita, a bar ta a zaune yadda take. Mijinta, wanda direba ne kuma ya dawo daga doguwar tafiya a daren, ya tayar da mota ba tare da ya tambayi komai ba, kuma da na ɗauko zancen kuɗin mai daga baya sai ya ɓata rai ya ce ita ma uwarsa ce. Allah Ya raya musu zuriya, Ya tsare shi a kan hanya.

A asibiti mun samu wata ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, mace mai natsuwa wadda ba ta ɗaga murya. Ta maƙala wa Inna 'yar na'urar auna oksijin na jini a yatsa, lambar ta nuna 79, nan take ta sa mata iskar oksijin, ta haɗa na'urar da ke mayar da magani tururi ta ɗora mata a hanci da baki. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarta, ta riƙe mata hannu ta ce, "Inna, ki kalle ni. Ki ja iska ta hanci a hankali, sannan ki tsuke baki ki hura kamar kina huce koko a ludayi." Ta riƙa ƙirga mata biyu a shaƙa, huɗu a fitarwa, tana yi tare da ita, har na ga kafaɗun nan sun fara sauka. Daga baya ta bayyana mini cewa mai irin wannan ciwo fitar da iska ne ya fi yi masa wuya, domin tsohuwar iska tana maƙalewa a huhu ta hana sabuwa wurin shiga, tsoro kuma yana sa mutum ya ƙara saurin numfashi, saurin ya ƙara maƙale iskar. Tsuke baki yana riƙe ƙananan hanyoyin a buɗe har iskar ta samu ta fita. Wannan baiwar Allah ta kwana a kanmu, da safe ta tafi ban ko tambayi sunanta ba. Idan saƙon nan ya riske ta, ta sani Inna tana sa ta a addu'a bayan kowace salla.

Likitan da ya karɓe mu shi ma ya yi haƙuri da ni ƙwarai. Da na ga lambar yatsan ta tsaya a 90, sai na roƙe shi ya ƙara buɗe iskar, a tunanina yawanta shi ne alheri. Ya zaunar da ni ya ce ga masu ciwon huhu irin wanda yake zargi, ana so lambar ta tsaya tsakanin 88 da 92, saboda idan oksijin ya yi yawa wasunsu gurɓatacciyar iska tana taruwa musu a jini, su shiga barci mai nauyi da ke da haɗari. Ya sa aka gwada kakinta don tarin fuka, gwajin da ake yi kyauta a asibitocin gwamnati, sakamako ya nuna babu. Ya ba ta ƙwayoyin rage kumburin hanyoyin iska na kwana 5, da maganin ƙwayoyin cuta saboda kakin ya canza launi ya koma kore. Bayan ta murmure ya tura mu Birnin Kebbi, muka bi ta Koko da Jega, aka yi mata gwajin hura iska a na'ura, inda aka ga abin da take iya fitarwa a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin 100 na dukkan iskar da ta hura ba, ko bayan an ba ta maganin buɗe ƙirji. A nan aka tabbatar mana ciwon toshewar hanyoyin numfashi ne na dindindin, wanda likitoci ke kira COPD.

Lokacin da aka tambaye ta ko ta taɓa shan taba, na ga ranta ya sosu, ta sunkuyar da kai ta ce ko riƙe ta ba ta taɓa yi ba. Likitan ya ba ta haƙuri, ya ce tambaya ce da ake yi wa kowa, kuma a ƙasashe irin namu hayaƙin itace da ƙurar wurin aiki suna cikin manyan abubuwan da ke haddasa ciwon, musamman ga mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ciwon ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.5, a waccan shekarar shi ne na huɗu a jerin cututtukan da suka fi kisa a duniya. Ni da nake ganin na yi karatu ban taɓa jin sunansa ba sai da ya kwantar da uwata, alhali a bakin kasuwarmu kaɗai mata nawa ne ke wuni cikin hayaƙin banda, nawa ne ke gumin shinkafa a kan itace, suna irin wannan tari ana ce musu sanyi ne.

Ya faɗa mana gaskiya cewa abin da ya lalace a huhu ba ya komawa yadda yake, amma ana iya rage saurin ɓarnar, a rage yawan tashin ciwon, mutum ya ci gaba da harkokinsa. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa hunturu ne babban abokin gabarta. Iskar da ke zuwa mana daga arewa maso gabas tun ƙarshen Nuwamba har cikin Maris busasshiya ce, tana ɗauke da ƙura mai laushi daga Sahara, da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Sanyi da bushewa suna sa hanyoyin iska su tsuke, majina ta yi kauri ta ƙi fita, ƙurar ta shige can ciki, ga mura da ke yawo a gari a daidai wannan lokaci. Game da kasko kuwa bai ɓoye mini ba: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari marar launi, wadda ke iya kashe lafiyayye ma a cikin barci, kuma jirin da ƙanwata ta ji alamarta ce. Na daɗe ban yi kuka irin na ranar ba. Inna ce ta lallashe ni daga kan gado, tana cewa da niyyar alheri na yi.

Ina godiya ga mai ba da magani na asibitin, wanda ya lura cewa Inna tana fesa maganin shaƙa yana tsayawa a harshenta. Ya ɗauko robar ruwa ta rabin lita, ya huda gindinta daidai bakin abin feshin, ya nuna mata ta girgiza maganin, ta fesa sau ɗaya a cikin robar, ta ja numfashi huɗu ko biyar ta bakin robar kafin ta sake fesawa. Ya bambance mana na kullum, wanda ake sha ko ana lafiya, da shuɗin nan na gaggawa da ba ya rabuwa da ita, yanzu yana ƙulle a bakin zaninta inda a da take ƙulle kuɗin ciniki.

Kawu ya sayar da buhun shinkafa biyu daga abincin gidansa ya kawo kuɗin a daren farko, kafin kowa ya buɗe baki. Gwaggo ta bar gidanta ta kwana a tabarma a gindin gado har aka sallame mu. Matata ta riƙe gida biyu da girki da yara ba ta taɓa nuna gajiya ba. Matasan unguwa sun yi karo-karon man janareto a daren da wuta ta ɗauke, na'urar iska tana neman tsayawa. Malam Liman ya zo dubiya sau uku, kuma shi ne ya raba mu da gardamar da muka kasa, domin Inna ta ƙi yarda ta yi salla a zaune, ta kuma ƙi a ɗuma mata ruwan alwalar asuba, wai kada ladanta ya ragu. Ya zauna ya karantar da ita cikin ladabi cewa addini ya sauƙaƙa wa marar lafiya, ta yi a tsaye in ta iya, in ta kasa ta zauna, sai ga shi ta karɓa daga bakinsa. Allah Ya ƙara masa ilimi mai amfani.

Abin da ya fi yi mata ciwo duka shi ne maganar barin murhun banda. Kwana biyu ba ta yi wa kowa magana sosai ba, kuma na fahimce ta, domin a wurin nan ta yi ƙuruciyarta, a nan ƙawayenta suke. Abokan sana'arta ne suka warware mana wannan, ba tare da mun roƙe su ba. Sun zo su tara, suka ba ta kwasar adashin da ba nata ne ke kai ba, sannan suka ce daga yau ita ce za ta riƙe lissafi da ciniki da masu lodin kifi zuwa kudu, a rumfar da ke nesa da hayaƙi, ƙanwata kuma ta riƙa kula da nata kason a murhun da suka ce za a fitar fili inda iska ke ratsawa. Ranar ce na fara ganin dariyar Inna tun da muka shiga asibiti. Iyayena mata, ba ni da bakin gode muku, Allah Ya sa ku gama lafiya, kuma ina roƙon duk wadda tarinta ya wuce mako biyu, ko take haki a tafiyar da a da ba ta sa ta haki, ta je a duba ta tun da ƙafarta.

Yanzu ɗakin Inna babu kasko, babu turaren wuta, babu maganin sauro na kunnawa, sai gidan sauro da bargo biyu da safa da hular sanyi, taga kuma a ɗan buɗe. Ana yayyafa ruwa kafin a share tsakar gida, ita kuma tana ciki har ƙura ta kwanta. Ba ta fita sai rana ta ɗaga, in za ta fita ta naɗe hanci da baki da gyale don iskar ta ɗumama kafin ta isa ƙirji. Tana shan ruwan ɗumi a kai a kai, tana cin abinci kaɗan-kaɗan saboda cikar ciki na ƙara mata haki, kuma kullum da hantsi tana zagaya tsakar gida, domin an gargaɗe mu cewa yawan kwanciya yana raunana ƙafafu ya ƙara wahalar numfashi. Jiya ta yi zagaye shida, ta tsaya sau ɗaya ta jingina da bango ta yi hurin kokonta, kamar yadda take kiransa. An kuma rubuta mana alamomin da ba a jiran safiya a kansu: in ta kasa ƙarasa magana, in leɓɓa suka sauya, in ta rikice ko barci ya yi mata nauyi, ko in maganin gaggawa bai yi aiki ba.

Masu son zuwa dubiya ƙofa a buɗe take, kuma tana murna da ganinku. Muna roƙon alfarma dai a zo tsakanin hantsi da la'asar, kada a fesa turare mai ƙarfi, wanda ke fama da mura kuma ya yi haƙuri ya kira ta a waya har ya warke. Ranar 14 ga watan gobe za mu koma ganin likita, muna neman addu'arku. Inna ta ce in gaya wa kowa ta gode, ta yafe wa kowa, ita ma a yafe mata, kuma wanda ya ranta mana kuɗi a daren nan ya zo ta gan shi da idonta, don ta ce ba za ta iya aiko masa da godiya ta bakin yaro ba.